Mikiyar da Ta Cinye Kuɗin Kati: Fasaha a Farauta da Shaho, da Yadda Za Ka Ɗauki Hoton Tsuntsu da Wayarka

A watan Oktoba na 2019 wasu masana tsuntsaye a ƙasar Rasha suka wayi gari kuɗin da suka ware wa aikinsu ya ƙare kaf, kuma mikiya ɗaya ce ta cinye shi. Sunanta Min. Tana cikin mikiyoyi 13 da suka ɗaura wa na'urar bin sawu a gadon baya, kowace na'ura da layin waya a cikinta, tana turo saƙon tes mai nuna inda tsuntsuwar take. Min ta shafe watanni a wani yanki na Kazakistan inda babu sabis ko sanda ɗaya, na'urar kuma ta ci gaba da tara saƙonni tana jiran ranar da za ta samu hanya. Da lokacin ƙaura ya yi sai mikiyar ta miƙe ta nufi Iran. Can sabis ya kama, can kuma na'urar ta zazzage ɗaruruwan saƙonnin da ta tara. Saƙo ɗaya daga Iran rubul 49 ne, alhali a Kazakistan kusan rubul 15 ne. Sai da masanan suka fito neman gudummawa a intanet, daga baya kamfanin waya na MegaFon ya yafe musu bashin.

Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar da ke ajiye bayanai idan babu data, ta tura su idan data ta dawo, ya san inda matsalar take. Na'urar ta yi abin da aka ce ta yi daidai. Ba a dai gaya mata ta duba ƙasar da take kafin ta buɗe baki ba. A 2018 ma wata ƙungiya a ƙasar Folan ta ga irin nata: farar shamuwar da suke bi ta ɓace a Sudan, wani ya tsinci na'urar, ya zare layin ya sa a wayarsa, ya yi kira na kusan awa 20. Su aka kawo wa takardar biyan kuɗi.

Na fara da waɗannan labarai ne don mai karatu ya ga cewa tsuntsayen farauta, wato shaho da mikiya da shirwa da danginsu, sun daɗe da shiga duniyar da muke tattaunawa a kai kullum a wannan shafi: layin waya, GPS, batir, jirgi mara matuƙi, kyamara. Inda abin ya fi yin nisa shi ne wajen masu farauta da shaho.

Sana'ar da ta girmi bindiga

Yawancinmu mun fi sanin shaho da shirwa a matsayin ɓarayin 'yan tsaki. A ƙasashen Larabawa da tsakiyar Asiya da Turai kuwa, tun dubban shekaru mutane ke horar da shaho ya zama abokin farauta. A saba masa da hannun mutum, a sake shi ya kamo tsuntsu ko zomo, mai shi ya zo ya karɓa ya ba shi ladansa na nama. Malaman fiƙihu sun yi dogon bayani a kan hukuncin abin da horarren tsuntsu ya kama, bisa aya ta huɗu ta Suratul Ma'ida. Hular fata da ake rufe wa shaho ido da ita don ya natsu, wadda Larabawa ke kira burƙa, Turawa a wurinsu suka koye ta. Sarki Firederik na Biyu, wanda ya rubuta babban littafi a kan wannan farauta a shekarun 1240, shi ya yaɗa ta a Turai. Hukumar UNESCO ta sanya sana'ar cikin gadon al'adun ɗan'adam a 2010, kuma zuwa 2021 ƙasashe 24 ne a cikin rajistar. Maroko ce kaɗai daga Afirka.

A yau cibiyar harkar tana yankin Gulf, inda kuɗi ke magana. A watan Satumba na 2021 an sayar da farin shaho ɗaya a gwanjon da ake yi a Malham, arewa da Riyad, a kan riyal miliyan 1.75. To, ka yi tunani: mutum ya sayi abu da wannan kuɗi, sannan ya kai shi tsakiyar hamada ya sake shi sama, babu igiya, babu keji. Idan tsuntsun ya bi ganima ya ɓace bayan tudu, ko iska ta kwashe shi, shi ke nan fa. Wannan fargaba ita ta buɗe wa fasaha ƙofa.

A da 'yar ƙararrawa ake ɗaura masa a ƙafa, mafarauci ya bi da kunne. Daga shekarun 1970 aka fara amfani da 'yar na'urar rediyo da ake maƙala wa a ƙafa ko a gashin wutsiya. Ita ba ta faɗin wuri, ƙara kawai take fitarwa. Mafarauci zai ɗaga eriya mai kama da ta tsohuwar talabijin yana juyawa, inda ƙarar ta fi ƙarfi can tsuntsunsa yake. Yanzu kuwa kamfanoni irin su Marshall Radio Telemetry na Amurka suna ƙera na'urar da ke karɓar wuri daga tauraron ɗan'adam, ta aika ta rediyo zuwa wata 'yar akwati da ke aljihun mafarauci, akwatin kuma ta miƙa wa wayarsa ta Bluetooth. A fuskar wayar zai ga shahonsa a kan taswira, da tsayin da ya kai, da gudun da yake yi, da duk zanen hanyar da ya bi.

Ka lura da bambanci tsakanin wannan da na'urar Min. Mafarauci ba ya dogara da layin waya, domin a hamada babu sabis, kuma shi amsar yanzu-yanzu yake so. Mai bincike kuwa tsuntsunsa zai yi tafiyar dubban kilomita, saboda haka na'urarsa ke da layi da ɗan faifan sola a saman ta, tana farkawa jefi-jefi ta ɗauki wuri ta koma barci. Duka biyun abu ɗaya ke takura su, wato nauyi. Ƙa'idar da masu bincike suka fi bi ita ce kada na'ura ta wuce kashi 3 cikin 100 na nauyin tsuntsu. Shaho mai kilo ɗaya ke nan giram 30 ne iyakarsa, a ciki kuma za a cusa batir da eriya da komai. Kowane karo da GPS ya kunna batir yake ci. Idan kana ƙorafin wayarka na zuƙe caji da ka buɗe taswira, ga waɗanda matsalarsu ta fi taka.

Jirgi mara matuƙi ya zama malamin shaho

Shaho yana farauta ne daga sama. Jinsin da Larabawa ke kira shahin yakan haura can ƙololuwa, ya naɗe fikafikai ya faɗo kamar dutse, da gudun da ya wuce kilomita 300 a awa. An taɓa auna wani da ya haura 380. Babu dabbar da ta kai shi gudu a duniya. Matsalar mai horarwa ita ce yadda zai koya wa tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a gida hawa sama sosai. A da balan-balan ko jirgin leda mai igiya ake ɗaura wa nama a tura sama. Yanzu jirgi mara matuƙi ke wannan aiki. Ana rataya masa fiffiken tsuntsu da tsokar nama, yau a tsayar da shi a mita 50, gobe a ƙara, har shahon ya saba cewa abinci yana sama. Da ya cafke sai abin ya saku daga jikin jirgin, 'yar lema ta buɗe, ya sauko da shi a hankali ba tare da ya kusanci farfela ba.

Gasar tseren shaho ma na'ura ke yanke hukunci a cikinta. A bikin shaho na Sarki Abdul'aziz a Saudiyya, tsuntsu yana tashi daga hannun mai riƙe da shi ya yi mita 400 zuwa wurin mai kaɗa masa fiffike, na'urorin auna lokaci na farko da ƙarshen fili suna ƙirgawa. Gwanaye na gamawa a ƙasa da sakan 20, kuma sau da yawa ɗan ɓurɓushin sakan ne ke raba na ɗaya da na biyu.

Sauran abubuwan kam sai dai a faɗe su a wuce, don ko ni har yanzu suna ba ni dariya. A Abu Dabi akwai asibitin shaho zalla, tun 1999. Hadaddiyar Daular Larabawa tana ba shaho fasfo tun 2002, mai lambar da ta yi daidai da ta zoben ƙafarsa, don a daƙile fasa-ƙwauri. Kamfanin Qatar Airways yana barin fasinja ya shiga jirgi da shahonsa. Hoton nan da ya karaɗe intanet a farkon 2017, na shaho kusan 80 zaune a kujerun jirgi, ba haɗi ba ne.

Sai dai ba na so mai karatu ya ɗauka komai lafiya lau ne. Mota mai ratsa yashi da GPS sun sa farauta ta yi sauƙi fiye da kima, har hubara, 'yar uwar tujen da muka sani, wadda ita ce ganimar da Larabawa suka fi so, ta yi ƙaranci. Yanzu a gidajen kiwo ake ƙyanƙyashe ta a sake. Shahon da suke kira hurr shi ma yana cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa, saboda kamun da ake yi masa a daji da kuma wayoyin lantarki da ke kashe shi a Mongoliya. A ganina kuɗin da ya jawo matsalar shi ne kuma ke biyan maganinta, kuma har yanzu maganin bai kamo cutar ba.

An kuma gwada juya abin. A 2016 'yan sandan Holan suka horar da mikiya ta riƙa cafke jiragen marasa matuƙa da suka shiga inda aka hana. Kafin ƙarshen 2017 sun haƙura, saboda tsada da kuma cewa mikiya ba kullum take bin umarni ba. A watan Maris na 2015 kuwa aka ɗaura wa wata mikiya mai suna Darshan ƙaramar kyamarar Sony, aka sake ta daga saman Burj Khalifa a Dubai, sama da mita 800, ta sauko hannun mai horar da ita, duniya na kallo kai tsaye ta idon tsuntsu. Nemi bidiyon ka kalla, ya cancanci datar.

To, kai da wayarka fa?

Ba ka da shahon miliyoyi, ni ma ba ni da shi. Amma shirwa tana shawagi a saman unguwarku kusan kullum, kuma ɗaukar hotonta na daga cikin gwaji mafi wuya da za ka yi wa kyamarar waya. Wanda ya taɓa gwadawa ya san sakamakon: farin sama fetal, da wani baƙin ɗigo a tsakiya kamar ƙuda ya sauka a gilashi.

Bari mu yi lissafi, don a nan ne talla ke rabuwa da gaskiya. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana daidai da lensi mai milimita 26. Idan ka nuna ta ga abin da ke nesa da mita 50, faɗin abin da take gani ya kai kusan mita 67. Hoto mai megafiksel 12 yana da ɗigo 4,000 a faɗinsa. Shirwa idan ta buɗe fikafikai kusan mita ɗaya da rabi ce. Ke nan a cikin ɗigo 4,000 ɗin nan, ita kusan 90 kacal za ta samu. Wayar da ke da kyamarar zuƙowa ta gaske mai ninki 5, irin iPhone 15 Pro Max ko Pixel 8 Pro ko Tecno Camon 18 Premier, za ta ba ta wajen ɗigo 400. Ƙwararrun masu ɗaukar tsuntsaye da lensi mai milimita 600 suke fita, wanda a lissafi ɗaya zai ba ta ɗigo 2,000. Shi ya sa kake ganin gashin ido a hotunansu.

Abin da wannan lissafi ke nufi shi ne, lambar da ya kamata ka duba a waya ita ce ta zuƙowar gilashi, wadda lensi ke yi da kansa. Ninki 50 da ninki 100 da ake rubutawa a kwali yankan hoto ne da faɗaɗa shi, sannan ƙirƙirarriyar basira ta cike gurbi da hasashe. Ka tuna ce-ce-ku-cen da aka yi a 2023, lokacin da wani ya nuna wa wayar Samsung dusasshen hoton wata a fuskar kwamfuta, wayar ta fito da wata mai ramuka tsaf waɗanda babu su a hoton da ta kalla. A kan wata wannan ba ya cutar da kowa. A kan tsuntsu kuwa manhaja za ta iya zana gashin da babu shi, ta shafe ratsin da ake gane jinsi da shi. Hoton zai yi kyau a WhatsApp, amma masanin tsuntsaye ba zai iya aiki da shi ba. Shawarata: tsaya a iyakar zuƙowar gilashi, ko ninkinta biyu idan ya zama dole, ka yanke hoton daga baya da hannunka.

Akwai dabarar da ta fi arha nesa ba kusa ba, kuma ita na fi so. Madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 8x42, idan ka ɗora kyamarar wayarka a bakin idonsa ɗaya, ya ninka maka zuƙowa sau 8. Ɗigo 90 ɗin nan sun koma 720, wato ka wuce mai waya mai ninki 5, da wayarka ta kullum. Ana sayar da maƙali na roba da ke riƙe waya daidai saitin madubin; ba tare da shi ba hannu zai yi ta zamewa. Za ka ga baƙin da'ira a gefen hoto, ɗan zuƙo kaɗan sai ya ɓace. Wannan dabara ta fi dacewa da tsuntsun da ke zaune a kan turken lantarki ko reshen kuka. Jingina gwiwar hannu a katanga ko saman mota, ka sa ƙidayar sakan biyu ko ka danna da maɓallin abin sauraro na kunne, don taɓa fuskar waya kaɗai ya isa ya girgiza hoton.

Sai batun gudu. Kyamara tana buɗe ido na wani ɗan lokaci ta rufe, duk motsin da tsuntsu ya yi a tsakanin nan zai fito a shafe. Shirwar da ke tafiyar kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a sakan ɗaya. Idan ƙiftawar kyamararka 1/100 ce, ta matsa santimita 11 kafin ido ya rufe, hoto ya lalace. A 1/2000 rabin santimita kawai za ta matsa. Shahin da ke faɗowa da kilomita 300 a awa kuwa ko a 1/2000 sai ya matsa santimita 4, shi ya sa hotonsa yana faɗowa ke cin gasa. A wayoyin Android da yawa akwai sashen da aka rubuta Pro a manhajar kyamara. Shiga ka sa ƙiftawa a 1/2000, ka ɗaga ISO zuwa 200 ko 400 idan hoton ya yi duhu. Wannan ya fi muhimmanci a kyamarar zuƙowa, domin ƙofar haskenta ta fi ta babbar kyamara ƙanƙanta, wayar kuma takan rage gudu da kanta don ta rama. Wani amfanin sashen Pro shi ne yana rage haɗa hotuna da yawa wuri guda da waya ke yi a ɓoye, abin da ke sa fiffike ya fito biyu-biyu kamar fatalwa.

Baƙin ɗigo a farin sama kuma matsalar awon haske ce. Waya tana ganin sama ta cika hoto da haske, sai ta rage, tsuntsun ya koma inuwa. Danna kan tsuntsun ka ja alamar rana sama, ko ka sa EV a +1. Saman zai yi fari fiye da yadda kake so, amma za ka ga launin ƙirji da ƙasan fiffike. Ka sa rana a bayanka. A lokacin hunturu, idan hazo ya rufe gari, kada ka wahalar da kanka da tsuntsun da ke sama can. Nemi wanda ke ƙasa-ƙasa, da bishiya ko gini a bayansa. Bayan ruwan sama, idan iska ta wanke, shi ne lokacin shuɗin sama.

Kada ka dogara da danna ɗaya. A iPhone ja maɓallin ɗauka zuwa hagu ka riƙe, a Samsung ja shi ƙasa, wayar za ta jero hotuna da yawa a sakan. A cikin talatin wataƙila biyu su yi. Ko ka ɗauki bidiyon 4K ka ciro hoto daga ciki, domin kowane firam ɗinsa ya kai megafiksel 8. Live Photo na iPhone yana ajiye sakan ɗaya da rabi kafin ka danna, abin da ke ceton mutum idan tsuntsu ya riga yatsansa tashi.

Sauran aikin sanin halin tsuntsu ne, kuma wannan babu wayar da ke zuwa da shi. Manyan tsuntsaye suna jiran rana ta ɗumama ƙasa kafin su hau iska, saboda haka da hantsi, wajen ƙarfe tara zuwa sha ɗaya, suna kewayawa ƙasa-ƙasa kafin su lula. Suna tashi suna fuskantar iska, don haka ka san ɓangaren da za ka tsaya. Tsuntsun da ke zaune idan ya karkaɗe jiki, ya yi kashi, ya ɗan sunkuya, to tashi zai yi, sa yatsa a shiri. Shirwa na taruwa a mayanka da kasuwar kifi da bola, da inda ake ƙona gona, da kuma ranar da shinge ya fito bayan ruwan farko. A mayanka ka gaisa da mahauta ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Kusa da bariki ko filin jirgi ko shingen jami'an tsaro kuwa, kada ma ka fito da madubin hangen nesa, a halin da ake ciki babu hoton da ya kai wannan kasada. Jirgi mara matuƙi a Najeriya sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma ko da izini kada ka kai shi kusa da sheƙa: uwa za ta kai masa hari, farfela ta yanke mata ƙafa.

Abin da hotonka ke faɗa ba da saninka ba

Tambayi babanka ko kakanka yadda ungulu take a mayankar garinku a da, sannan ka je ka ƙirga da kanka. A garuruwa da dama ba za ka ga ko ɗaya ba. Ƙungiyar IUCN, mai rajistar halittun da ke cikin haɗari, ta sanya ungulun da muka saba gani a gari cikin rukuni mafi hatsari tun 2015, matakin da daga shi sai ƙarewa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Ecology & Evolution a farkon 2024 ya duba jinsi 42 na tsuntsayen farauta na Afirka, ya samu 37 sun ragu, kuma Afirka ta Yamma na cikin inda abin ya fi muni. A Gini Bisau an kashe ungulu sama da 2,000 da guba a 2020, da yawa an sare kawunansu. Babban dalili a yankinmu shi ne cinikin sassan jikinsu don tsibbu da magani, kuma Najeriya na cikin manyan kasuwanninsa.

Na'urar bin sawu ta taɓa fallasa wannan ciniki ƙarara. A 2013 aka ɗaura wa wani ɗan farar ungulu na'ura a ƙasar Girka, aka sa masa suna Paskalis. Ya ƙetare teku da Sahara ya isa kudancin Nijar. A watan Fabrairu na 2014 siginar ta daina nuna motsi irin na tsuntsu, daga baya ta bayyana a cikin Najeriya. Da masu bincike suka bi sawu, suka gano wani maharbi ne da ke zuwa daga Najeriya ya kashe shi don sayarwa. Tsuntsun ya tsira daga teku da hamada, a ƙofar gidanmu ya mutu. Wanda ke ganin ungulu ƙazanta ce kawai ya duba Indiya: bayan maganin dabbobi mai suna dikilofenak ya kusa ƙarar da ungulayen ƙasar a shekarun 1990, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnukan titi suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru.

Ga inda wayarka ta shigo. Idan ka bar kyamara tana amfani da GPS, kowane hoto yana ɗauke da ɓoyayyen bayani da ake kira EXIF: samfurin waya, rana da lokaci, da lambobin wurin da ka tsaya, daidai har zuwa 'yan mitoci. Facebook da Instagram suna cire shi daga kwafin da jama'a ke gani, WhatsApp ma yana cirewa idan ka tura a matsayin hoto. Amma idan ka tura a matsayin fayil, kamar yadda muke yi don kada inganci ya ragu, ko ta imel, ko ka ɗora a Google Drive, bayanin yana nan daram. Duk mai ɗan wayo zai buɗe ya ga bishiyar da sheƙar take. Ko babu EXIF ma, rubuta sunan ƙauye a ƙarƙashin hoton sheƙar ungulu, ko barin hasumiyar masallaci ko allon makaranta ya fito a bayan hoton, ya isa jagora ga mai nema.

Saboda haka manyan manhajojin tsuntsaye suka gina kariya a cikin tsarinsu. iNaturalist tana dusashe wurin duk jinsin da ke cikin haɗari, ta nuna wa jama'a wani faffaɗan murabba'i na kusan kilomita 20 maimakon ainihin ɗigon, eBird kuma tana ɓoye wuraren wasu jinsuna gaba ɗaya. Masu bincike na samun bayanin, maharbi ba ya samu. A matsayina na mai rubuta manhaja wannan tsari ya burge ni fiye da duk wata kyamara da na ambata a sama.

Kai ma za ka iya yin haka da hannu. A Samsung shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri. A Tecno da Infinix ma maɓallin yana cikin saitin kyamara. A iPhone, idan za ka tura hoto, danna Options a saman shafin turawa ka kashe Location, sai asalin hoton ya riƙe bayaninsa, kwafin da ya fita kuma ya tafi babu shi. Hoton sheƙa ko ƙwai ko 'ya'ya kuwa ka riƙe shi har sai sun tashi.

Idan kuma kana so hotunanka su yi aiki, sauke Merlin Bird ID, kyauta ce daga jami'ar Cornell ta Amurka. Ka sauko da kundin yankinmu lokacin da kake da data, daga nan za ta riƙa taimaka maka gane jinsi daga hoto ko babu sabis. Sunan da ta ba ka ka ɗauke shi a matsayin shawara, musamman ga ƙananan shaho da ke kama da juna. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, ita ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 a tsaye da a kwance, 'yan sa-kai kuma suna shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Akwai tawagar matasan Arewa a cikin aikin mai suna Arewa Atlas Team, har an wallafa takardar ilimi a kan yawan bayanan da suka tara. Cikakken rahoto na gida ɗaya yana buƙatar aƙalla awa biyu na kallo, kuma jerin da aka yi a mayankar da babu ungulu ko ɗaya shi ma ana karɓarsa, domin da irinsa ake gane inda ta ɓace.